Tauraro Ɗaya

Mahaifinmu bai taɓa sayen abu ya yi shiru ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba sikeli. Ya shiga kanti da 'yar jakarsa ta duwatsun awo, ya ɗora dutse, ya leƙa allura, ya rubuta rahoto, mai kanti na tsaye yana murmushin dole. Da ya yi ritaya aka karɓi jakar, amma rahoton ba wanda ya iya karɓe shi daga bakinsa. Sai ya juyo kan kayan gida. Fanka, tocila, dutsen guga, butar dafa ruwa, duk abin da ya ƙetaro ƙofarmu sai an gurfanar da shi, kuma shari'ar Baba da lamba take tafiya. Da zarar ya ɗaga yatsa ya ce "Na farko," kowa zai tuna yana da abin yi a wani ɗakin.

Ƙanena Auta ne ya yi mana maganin abin, ko kuma ya ƙara rura shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Kafin ya tafi aiki ƙasar waje ya bar wa Baba tsohuwar kwamfutarsa ta teburi, ya kuma nuna masa wani shafi a intanet inda masu sayen kayan lantarki da manhajoji ke rubuta ra'ayinsu, kowa ya ba abu taurari daga ɗaya zuwa biyar. Shi ke nan Baba ya sami ofis. Da safe zai yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna da tabarau a ƙarshen hanci yana farautar haruffa da yatsa ɗaya. Ita kanta kwamfutar da yake rubutun da ita bai ƙyale ta ba. Tauraro ɗaya ya ba ta, wai fankarta na gurnani, kuma sai ta yi minti huɗu kafin ta farka. Daga nan muka sa masa suna Tauraro Ɗaya, a bayan idonsa dai.

Umma ce kaɗai ke tsokanarsa a gaban ido. Wata rana tana kan kekenta na ɗinki ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni da na shekara arba'in ina fama da kai, taurari nawa na samu?"

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ana kan dubawa."

Ta yi ta dariya har sai da ta sauke ƙafa daga kan keken.

Ni ce babba, shekara goma sha ɗaya tsakanina da Auta, ba kowa a tsakiya. Ban gaji Baba a komai ba sai taurin kai. Aikina shigar da bayanai ne a ofishin wani kamfanin jigilar kaya: takarda a hagu, kwamfuta a gaba, yatsu goma na gudu. A yini ɗaya ɗan akwatin tambaya yakan fito mini a allo fiye da sau ɗari biyu, kuma ba na karanta ko ɗaya. Hannuna ya san inda "Eh" yake, kafin idona ya iso ya danna ya wuce. A ofis yaba mini ake yi a kan haka. Baba kuwa 'Yar Gaggawa yake ce mini tun ina ƙarama, wai ko haihuwata ban jira wata tara ya cika ba. Ban taɓa karanta ra'ayinsa ko guda ba, ban ma san sunan da yake sawa a shafin ba. Wanda nake sha da baki a gida bai ishe ni ba, sai na je na nemo na rubuce?

A cikin tarkacen da Auta ya bari akwai wata 'yar na'urar sauraron waƙa, baƙa, girman kwalin ashana, don haka Baba ya raɗa mata 'yar ashana. Waƙa ba ta dame shi ba. Abin da ya gano shi ne tana ɗaukar murya. Sai ya riƙa ɓoye ta a kan taga, bayan gwangwanin maɓallai, dab da keken Umma. Ita Umma in tana ɗinki waƙa take yi, ba ta kowa ba, tata ce, tana ƙagawa tana tafiya, tana yi wa keken magana kamar wani yaro marar ji. Da ta san ana ɗauka da ta kama bakinta, don ko mu in ta lura mun kasa kunne sai ta mayar da abin tari. Ba wanda ya san Baba na wannan satar. Shekara guda bayan tafiyar Auta, Umma ta kwanta asibiti kwana tara, ba ta dawo gida ba. Sai da aka ƙara wata shekarar cur kafin Baba ya iya buɗe baki ya ce mana yana da muryarta.

Ranar na biya ta gidan ne da tsakar rana, lokacin hutun ofis, in ajiye masa magani in wuce. Ya ce in zauna. Na ce ina sauri. Ya ce ya sani, tunda aka haife ni bai taɓa ganina ba na sauri ba, in zauna duk da haka. Ya zare iyafis ɗaya daga kunnensa ya sa mini da hannunsa, ɗayan yana nasa kunnen. Igiyar gajera ce, dole na matso har kafaɗunmu suka haɗu. Sai ga ƙarar keke. Sai ga Umma.

"Keke bi a hankali,
wuyan rigar mai faɗa ne,
in ka karkace zai rubuta."

Baitin Baba ke nan. Ta yi 'yar dariya ita kaɗai, keken ya ci gaba, sannan ta shiga nawa.

"Keke yi gudu, yi gudu,
mai rigar na bakin ƙofa,
takalmi ɗaya a ƙafa."

Baba ya ce a hankali, "Saura na Auta. Rigar da za ta aika masa take ɗinkawa ranar. Nasa ya fi tsawo." Daidai nan wayata ta yi ƙara, shugabata ce a ofis. Gaskiyar magana ko ba a kira ni ba da na nemi hanyar tashi, don hawaye ya taho, ni kuwa ban iya kuka a gaban Baba ba. Na zare iyafis ɗin na miƙa masa na ce, "Zan ji sauran ranar Asabar."

Da Auta ya ji labari ya yi ta roƙo a kara masa a waya ya saurara. Baba ya ce atafau. "Na farko, sautin waya sautin gwangwani ne. Na biyu, uwarka ba ta yi maka waƙa don ka ji ta kana tsaye a layin shiga mota ba. Ka zo gida ka ji da kunnenka." Alhali ya san takardun zaman Auta ba su ba shi damar fita ya koma ba, ko rasuwar Umma bai samu zuwa ba. Na yi wa Baba faɗa a kan wannan, faɗa ba na wasa ba, na ce wannan ba bin ƙa'ida ba ne, ƙeta ce. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce to, in kawo kwamfutata ta hannu a kwafe, a aika wa yaron da sautinta cikakke. A lokacin tsohuwar kwamfutar teburin ta riga ta mutu da duk abin da ke cikinta, Baba ya koma rubuta ra'ayinsa a waya. Muryar Umma ba ta rage a ko'ina ba sai cikin 'yar ashana.

"Amma fa sai kin zauna," ya ce. "Akwai yadda ake yi. Abu biyar ne. Na farko..."

"Baba, kwafe fayil ne fa. Da shi nake cin abinci. Ranar Asabar zan zo."

Asabar nawa suka wuce? Na taɓa ƙirgawa, ban ji daɗin abin da na samu ba. Wata Asabar wanki, wata yarinyata ba lafiya, wata aikin ƙarin lokaci, wata kuwa ba komai, kawai na tuna "abu biyar" na ji gajiya ta sauko mini. Baba yakan kira ya ce, "Yau dai Asabar ce a kalandata, ban san taku ba." In yi dariya in ce mai zuwa. Ya rasu wata Laraba da hantsi, a kan kujerarsa, sanye da riga mai guga, 'yar ashana na aljihun gaba.

Wannan karon ma Auta bai samu zuwa ba. Bayan mako biyu ya kira ni. Muka yi maganar gida da abin da za a yi da kaya, sannan ya sako ainihin abin da ya sa ya kira.

"Yaya, na fara manta muryar Umma," ya ce. "Ina ganin bakinta na motsi, amma ba sauti. Jiya na yi ta ƙoƙarin tunawa a wurin aiki har aka tambaye ni ko lafiya."

"Kwantar da hankalinka. Tana nan cikin jakata yanzu haka."

"Kara min in ji. Ko ta gwangwanin ce na yarda."

Da na kara masa da shi ke nan. Minti uku ne. Amma na ce muku taurin kai na gada. Na ce masa batirin ya tsufa, ina tsoron kunna ta kar ta mutu a hannuna, ya bari in yi masa abin yadda Baba ya so, Asabar zan kwafe in turo masa gaba ɗaya. Akwai gaskiya a maganar batirin, amma ba ita ce duka ba. Ni ce ban shirya sake jin muryar ba. Auta ya ce to, Yaya, yadda kika ce. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro.

Wannan Asabar ɗin dai na cika alkawari. Da sassafe na buɗe ɗakin Baba, na ɗaga labule. Komai na inda ya bar shi: teburin da tabon gindin kofi, matacciyar kwamfutar da ya ƙi yarda a zubar, keken Umma a lulluɓe da tsohon zanen gado. A aljihun teburin, can ƙarƙashin takardun shaidar sayen kaya da ya jera shekara-shekara, na sami igiyar da ake haɗa 'yar ashana da kwamfuta. An nannaɗe bakinta da salatif, naɗi ya fi goma, tam kamar an ɗaure rauni. Na ce a raina, tsofaffi dai da adana abu. Na sa farce na fara ɓarewa, da ya ƙi na ƙarasa da haƙori.

Na jona. Kwamfutata ta ce a sauke manhajar kamfanin na'urar. Na nemo ta, na ga shafin ra'ayoyi a ƙasanta: taurari huɗu da rabi, mutum dubu uku da wani abu. Na karanta guda uku na sama don in ce na yi bincike. "Tana aiki sumul." "Minti biyu na gama." "Ko kakata za ta iya." Can ƙasa na hango wani dogon rubutu mai tauraro ɗaya, an naɗe shi, sai ka danna kafin ka ga sauran. Layin farko kawai ya fito: "Na farko, kada ka yi sauri." Na ce ashe irin Baba suna da yawa a duniya, kowane gida da nasa. Ban duba sunan mai rubutun ba. Ba na son in fara kuka ban gama aiki ba, sai na ja shafin sama na sauke manhajar.

Gaba. Gaba. Na yarda. Gaba. Sai wani akwati ya fito da rubutu layi huɗu ko biyar, "Eh" da "A'a" a ƙasa. Wallahi ba zan ce na yanke shawarar dannawa ba. Hannuna ne ya yi aikinsa na kullum. Wani koren layi ya fara tafiya a allo, na ji daɗi a raina, har na ce da ƙarfi, ni kaɗai a ɗakin, "Ka gani ko, Baba? Ina abu biyar ɗin?" Na tashi na je na ɗora ruwan shayi a butar da ya ba taurari biyu.

Da na dawo an rubuta "An kammala." Na duba cikin kwamfutar, ba fayil ɗin murya ko ɗaya. Na sa iyafis na kunna 'yar ashana. Wani saurayi ne ya fashe mini da ihu a kunne, da ganguna da jita. Na danna gaba, wata ce. Gaba, wani. Waƙoƙi ɗari uku, wai kyautar kamfani ga sabon mai amfani. Na shiga wurin da aka rubuta "Murya," ya ce babu komai. Na fita na sake shiga. Na kashe na kunna. Na yi ta yi, kamar mai buɗe tukunyar da ta riga ta san ba komai a ciki.

Shagon mai gyaran da na kai ta yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da tabarau, faɗinsa bai wuce tsayuwar mutum biyu ba. Kwamfutoci ne jibge har rufi, cikinsu a buɗe, ga warin ƙonanniyar waya. Mai shagon mutum ne mai furfura a gemu, komai nasa a natse, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Yana ganin na'urar ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ai ta Baba Na-Farko ce. Ke ce 'yar tasa?"

Na ce ni ce. Ya yi mini ta'aziyya, ya ture wani akwati ya ba ni wurin zama. Da na yi masa bayani sai na ga fuskarsa ta canza.

"Da manhajar kika jona ta?"

"Kwamfutar ce ta ce a sauke."

"Ba ta tambaye ki komai ba?"

"Wani akwati ya fito."

"Me ya ce?"

Na ce ban karanta ba. Sai ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa marar lafiya sakamakon gwaji. Irin wannan na'urar kwamfuta ɗaya take sani, wadda aka fara haɗa ta da ita. In ta ga baƙuwa, manhajar takan tambaya ko a share abin da ke ciki a zuba na sabuwar. Tambayar da ke cikin akwatin ke nan, a rubuce ɓaro-ɓaro. "Da sharewa kawai aka yi da da sauƙi, baiwar Allah," ya ce. "Amma an zuba sababbi a kai. Kamar a goge allo ne a sake cika shi da rubutu."

Nan fa na buɗe baki. Na tsine wa kamfanin, na tsine wa wanda ya ƙirƙiri manhajar, na haɗa da mutum dubu ukun da suka yaba mata, har da mai kakar nan da kakar tasa. Mai yankan makulli ya kashe injinsa yana leƙowa. Mai gyara ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya jona na'urar da tasa kwamfutar ya fara tono. Awa biyu ina zaune ina kallon ƙafafun mutane suna hawa da sauka a matakalar da ke kanmu. Daga ƙarshe ya miƙo mini iyafis.

"Wannan kaɗai na samu. Sakan shida ne."

Ƙarar keke ce. Keken ya rage gudu, Umma ta ja numfashi za ta fara waƙa, sai abin ya yanke.

Ya zuba mini shi a wayata. Yana naɗe igiyar ya ce, "Sau biyu na ce ya kawo in kwafe masa. Ya ce muryar iyalinsa ba za ta shiga kwamfutar shago ba, 'yarsa na da tata, za ta zo ranar Asabar." Bai faɗa don ya soke ni ba, na ga haka a idonsa, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. "Ai ya rubuta yadda ake yi duka a shafin nan. A nan ya tsaya ya karanta mini, tun daga na farko har na biyar, masu jira na jira. Tsohon Mai Awo, sunan da yake sawa ke nan."

Ban tuna yadda na koma gidan ba. Na dai tsinci kaina a kan kujerar Baba, shayin da na haɗa da safe na nan ya yi sanyi, kwamfutar na buɗe a shafin da na bari. Na gangara ƙasa. Dogon rubutun na nan inda na tsallake shi, sunan a samansa da ƙananan haruffa. Na danna ya buɗe.

"Na farko, kada ka yi sauri. Na biyu, idan na'urarka ta saba da wata kwamfuta, kada ka jona ta da sabuwa alhali wannan manhaja na ciki. Na gwada da wata tsohuwa irinta a shagon mai gyara, sau uku, kuma sau uku tana sharewa. Na uku, idan ka riga ka jona, akwati zai fito. Karanta shi. Amsar ita ce A'a. Masu manhajar sun ajiye Eh a inda hannu ya saba zuwa, wannan kuwa a aikinmu tauye awo muke ce masa. Na huɗu, ba ka bukatar manhajar sam. Buɗe na'urar kamar filashi, ka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli, ka kwafe da hannunka. Na biyar, kafin ka taɓa komai, saurari abin da ke ciki har ƙarshe. Ni na naɗe bakin igiyata da salatif, saboda ina da 'ya mai saurin hannu. Yarinyar kirki ce, aiki ne ya yi mata yawa. Tauraro ɗaya."

Wata goma sha huɗu da rubuta shi. A ƙasa an sa: "Mutum 0 ne suka ce wannan ra'ayi ya amfane su."

Na yi kukan da na ƙi yi a gabansa, na yi shi a kan kujerarsa, ba mai jina sai keke da matacciyar kwamfuta. Na ji haushinsa ma, ba zan ɓoye ba. Mutum ya san abu haka, maimakon ya rubuta a takarda ya manna a jikin igiyar, sai ya je ya gaya wa duniya? Amma kafin haushin ya zauna na tuna sau nawa ya ɗaga yatsa ya ce "Na farko," ni kuma ina neman makullina.

Na danna sunansa, duk abin da ya taɓa rubutawa ya jeru. Ɗari biyu da goma sha biyu. Kwamfutar teburi, tauraro ɗaya. Wata manhajar rubutu da ke gyara masa kalmomi ba da izininsa ba, tauraro ɗaya. Caja, fitila, rediyo, ɗaya, biyu, ɗaya. Ina karantawa ina jin muryarsa tiryan-tiryan, har inda yake tsayawa ya yi gyaran murya. A duk jerin guda ɗaya ne mai taurari biyar, kuma a kan 'yar ashana ne. Gajere ne, ba ma lamba a ciki.

"Wannan na'ura tana mayar da murya yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari. Batirinta ba shi da kirki, maɓallanta sun yi wa yatsan dattijo ƙanƙanta, da don ita kaɗai ce biyu zan ba ta. Amma akwai wadda ta taɓa tambayata taurari nawa ta samu, na ce ana kan dubawa. An gama dubawa."

Na koma kan dogon rubutun. Akwai ɗan maɓalli a ƙasansa da ke tambaya ko ra'ayin ya amfane ni. Na daɗe ina kallonsa, wataƙila shi ne akwati na farko da na karanta har ƙarshe a shekara goma. Bai amfane ni ba, kuma Baba ba ya son awon ƙarya. Amma na san waɗanda aka danna wa su ke hawa sama inda masu sauri za su gani. Na danna. Sifirin ya koma ɗaya.

La'asar ta yi lokacin da na iya kiran Auta. Ko ƙara biyu wayar ba ta yi ba ya ɗauka.

"Kin turo? Na fito waje inda ba hayaniya. Har sabon iyafis na saya, mai kyau, kar Baba ya ce gwangwani."

Na gaya masa. Ban rage komai ba, da salatif ɗin, da akwatin, da shayin da na je haɗawa. Ina jin iska na kaɗawa a wurinsa, da wata mota can nesa.

"Auta, ka zage ni mana."

"Me ya rage?" ya ce.

"Sakan shida."

"Sa min."

Na sa masa. Keke, numfashi, shiru. Ya ce in sake. Na sake. Sau huɗu muka yi haka, sannan na ji ya share hanci.

"Numfashinta ne kuwa," ya ce. "Haka take yi." "To ai ke kin ji waƙar, Yaya. Baba ya ce ya sa miki. Yi min da bakinki, ba komai."

Ni ba muryar waƙa gare ni ba, kowa ya sani a gidanmu. Amma na gyara zama na yi masa baitin Baba, na wuyan rigar mai faɗa. Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na yi masa nawa, na mai takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce wallahi ke ce, ba ta rage komai ba. Daga nan na tsaya.

"Ina ji," ya ce. "Ci gaba, Yaya. Yanzu sai baitina."

Na dubi keken a ƙarƙashin zanen gadon. Na buɗe baki, na ja numfashi kamar yadda Umma ta ja, ba abin da ya biyo baya. Auta na can riƙe da waya yana jira.